Bagega: garin da aka koyi barin ƙurar aiki a wurin aiki

Daga Gusau zuwa Anka akwai kwalta. Daga Anka kuma sai a gangara hanyar jar ƙasa, wadda damina kan lalata, kafin a isa Bagega. A 'yan shekarun nan fargabar 'yan bindiga ta ƙara wa tafiyar nauyi. Garin bai bambanta da sauran garuruwan karkarar Zamfara ba: gidajen ƙasa, rumbuna, gonakin dawa da gero. Abin da ya fitar da sunansa duniya yana ƙarƙashin ƙasa ne, wato zinare, da kuma dalma da ke cakuɗe da shi a cikin dutse guda.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, bayan jijjiga da suma. Kafin nan agwagi sun fara ɓacewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Yara sama da 400 suka rasu.

Yaran nan ba su taɓa shiga rami ba. Gubar ce ta iske su har gida. Ana kawo dutse cikin buhu, mata su daka a turmi a tsakar gida, ko a kai shi injin niƙa, wani lokaci wanda ake niƙa hatsi da shi. Ƙura ta sauka inda yaro ke rarrafe, shi kuma hannunsa kullum yana baki. Jikin yaro ya fi na babba saurin shan dalma, kuma ƙwaƙwalwarsa ce ke fara jin jiki.

Sai a 2013 aka kankare gurɓatacciyar ƙasar Bagega aka zuba sabuwa, bayan matasa sun matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Dole a fara da wannan, domin likita ba zai ba yaro maganin fitar da dalma ba alhali zai koma wasa kan ƙasar da ta sa masa ciwon.

Amma a ganina aikin da ya fi wuya shi ne horarwa. Ce wa mutum ya bar zinare ya koma noma kawai bai taɓa yin tasiri ba. Don haka MSF da ƙungiyar OK International suka bi ta wata hanya: suka koya wa maƙaƙa da masu niƙa a wasu garuruwan arewa fesa ruwa a bakin injin, dutse ya niƙu a jiƙe. Da aka auna iskar da ma'aikatan ke shaƙa, dalmar cikinta ta ragu da kashi 95 cikin 100. Aka kuma koyar da fitar da niƙa bayan gari, wanka da sauya kaya kafin komawa gida, da wanke hannu kafin cin abinci. Ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci dai ba ya tare ƙura mai laushi irin wannan.

Uwargidan da maigidanta ke sana'ar fasa tsofaffin batiran mota, ko narka dalma, a Legas ko Abuja, wannan darasin nata ne ita ma. Kayan aikinsa da takalminsa kada su shiga ɗaki, kada a wanke su tare da na yara, kuma kada ya ɗauki jariri sai ya yi wanka. Gubar dalma kan daɗe a jikin yaro ba tare da wata alama ba. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna ta.