Furen Ƙarshen Rani

A unguwarmu ta Koki, a Kano, ba mu da lambun fure. Gidaje manne suke da juna, lunguna ƙunci, tsakar gida kuwa murhu da turmi da igiyar shanya sun cinye ta. Abin da ya rage mana darbejiya ce a ƙofar gida, sai zogale ko lalle a bayan ɗaki. Su nake sa wa ido duk shekara.

Wajen Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40, darbejiya ke fitar da 'yan ƙananan furanninta farare. Da rana ba ka ko lura da su, sai bayan magariba ƙamshin ke cika lungu. Baƙuwa ce, asalinta daga Indiya, amma ta fi wasu 'yan gida haƙuri da ƙasarmu. A gonakin bayan ganuwa kuma, ɗorawa ta riga ta rataye jajayen furanninta kamar tuntun hula, tun ruwa bai sauka ba.

A ƙasar Holan lissafin daban ne. Sai kwan tulip ya kwana makonni cikin ƙasa mai tsananin sanyi kafin ya yi fure na kirki, shi ya sa lambun Keukenhof ke buɗewa kusan mako 8 kacal, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Su hunturu ke shirya musu fure, namu itatuwan cikin ƙishi suke yinsa.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan aka sare darbejiyar unguwa don a fitar da shago, ba a kuma dasa wata ba.