Ɗaga Kan Zakaran Ki Duba

Adda, matso da tabarmarki, Goggo ke ma saurara, maganar nan tsakaninmu ce. Kajin nan marasa gashin wuya da mai saye ke yatsina wa fuska a Kasuwan Bera yana neman ragi, don Allah ku daina rabuwa da su da arha. Ba cuta ba ce, ba kuma barbarar talotalo ba ce. Gado ne.

Kowane ɗan tsako yana ɗauko ƙwayar gado biyu a kan wannan siffa, ɗaya daga zakara, ɗaya daga uwa. Ta rashin gashin ce mai rinjaye, ko guda ya samu wuyansa zai fito fili. To ga abin da nake so ku riƙe: ɗaga kan zakaran, ki duba gaban wuyansa dab da ƙirji. In akwai tukkun gashi a wurin, ƙwaya ɗaya gare shi, kuma in ya hau kajinmu na gida, kusan rabin 'ya'yan ne za su biyo shi. In kuwa jar fatar ta tafi sumul, ko gashin bai taka kara ya karya ba, biyu ce. Wannan shi ne zakaran ajiyewa, don duk abin da aka ƙyanƙyashe masa shi zai ɗauko.

Goggo, ranar da zakara da kaza masu tukku suka ba ki ɗan tsako mai cikakken gashi, kada ki zargi zakaran maƙwabta. Ɗaya cikin huɗu haka yake fitowa. Amma masu cikakken gashi biyu su haifi marar gashi? Nan kam baƙo ya tsallako katanga.

A 2011 masana a Cibiyar Roslin ta Sukotland suka gano tushen abin: wani sinadari, BMP12, da ke yawaita a fata ya hana gashi tsirowa a wuya.

Ni abin da ya sa na damu shi ne zafin Jalingo. Kaza ba ta gumi. A Maris da Afrilu sauran na kwance ƙarƙashin mangwaro, baki buɗe, fiffike a sake, ita kuwa marar gashin wuya, zafi na fita ta wuyanta, tana ci tana ƙwai. Sai dai a lulluɓe 'yan tsakinta da daren hunturu. In kuma 'yar'uwarki ta Gembu ta roƙa, gaya mata gaskiya: a sanyin Mambila mai gashi ta fi mata.