Yankari: Inda Gada Ke Barci Da Kunne A Buɗe

Duk wanda ya bar garin Bauchi ya nufi kudu maso gabas, ya ratsa ta Dindima har ya kai ƙofar Mainamaji, to, ya iso Gandun Dajin Yankari. An keɓe dajin nan a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Yawancin baƙi giwa da ɓauna suke zuwa gani, sa'an nan su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Amma akwai waɗansu 'yan ƙananan mazauna dajin da ba safai ido ke kai wa gare su ba, watau gada da makurna da batsiya.

Dalili kuwa shi ne, lokacinsu dabam yake da na baƙo. Da asuba, kafin rana ta yi zafi, gada take fitowa kiwo. Takan tsinci ganye da furanni, da 'ya'yan itatuwan da birai suka kakkaɓo. Daga abincin nan take samun yawancin ruwan da jikinta ke bukata, saboda haka ba lalle ba ne ta gangara Kogin Gaji, inda manyan namun daji ke taruwa da rani.

Da hantsi ya dubi ludayi sai ta shige duhuwa ta kwanta bisa ƙirjinta, ta shiga tuƙa. Wannan kwanciya tana da hikima. Dabba mai tuƙa ba ta iya daɗewa kwance a gefe ɗaya, domin iskar da ke taruwa a tumbinta sai ta fita ta hanyar gyatsa. Don haka yawancin hutunta gyangyaɗi ne, kunnuwa na juyawa, hanci na shinshinar iska. Barci mai nauyi kuwa na 'yan mintoci ne, sa'ad da ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai bisa kwiɓinta. Dabbar da damisa da mesa ke nema ba ta da halin sakin jiki.

Da la'asar sakaliya takan sake fitowa, ta yi ta kiwo har cikin dare. Batsiya kuwa ta fi son fili mai gajeriyar ciyawa, musamman inda sabon tsiro ya fito bayan wutar daji, in ta ga abin tsoro kuma sai ta yi fito mai ƙara ta zura da gudu.

Sai dai ɗan Adam yana sauya wannan tsari. Inda farauta da kiwon shanu suka yawaita, gada takan bar fitowar rana ta koma ta dare. Can ma ba ta tsira ba, gama maharbi mai fitilar goshi yakan haske mata ido, ta tsaya cik kamar an dasa ta, ya harbe ta. Ɗanta da ta ɓoye cikin ciyawa kuma yunwa ta kashe shi.

Saboda haka mai son ganinta sai ya yi sammako, ya rage surutu, ya bi umarnin ma'aikatan gandun. In ya yi sa'a zai hango ta a gindin wani itace, raɓa na bisa gashinta, kafin ta yi tsalle ɗaya duhuwa ta haɗiye ta.