Mamacin da ba a ga makararsa ba

Waƙoƙin wa'azi sun san hanyar kabari taki-taki. Duk wanda ya tashi a Adar ya ji su, ko a makarantar allo, ko a bakin makafi ranar Lahadi a kasuwar Tawa: ciwon ajali, laƙƙana kalmar shahada, wanka, likkafani, makara bisa kafaɗun dangi, sannan kowa ya juya a bar ka da Munkari da Nakiri. Salon ba baƙo ba ne a ƙasarmu, tunda a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon Zariya, ta iske kunnuwanmu a shirye.

Da ƙuruciya tsoro waƙoƙin nan suke ba ni. Yanzu da furfura ta gama gari, har sha'awar mamacin cikinsu nake yi. A ɗakinsa ya cika. Waɗanda suka san sunan uwarsa ne suka yi masa sutura, kuma ɗiyansa sun san inda yake kwance.

Ba'adare nawa ke samun wannan gatan? Mu mutanen cin rani ne tun kakanni, farin 1973 da na 1984 kuma suka ƙara watsa mu. Je ka Kalfu ko Barmu bayan an ɗaure gero, ƙirga mazan da suka rage. Wani a Abijan ajali ke riskarsa, wani cikin sahara kan hanyar Libiya. Da can direba ne ke kawo labari bayan watanni, yanzu salula ce ke ƙara da asuba. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya ja fatiha, a raba goro. Matarsa ta shiga takaba wata 4 da kwana 10 a kan maganar wanda ba ta taɓa gani ba. In an yi sa'a, abokin tafiyarsa ya turo jakarsa.

Malaman da suka tsara baitocin can, Allah ya jiƙansu, mazauna ne, mutuwar mazauna suka waƙe. Nana Asma'u ta fi kusa da buƙatarmu, domin a marsiyyar da ta yi wa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, halinsa ta bi tana lissafawa, shi kuwa hali ana iya ambatonsa ko babu gawa. Sauran aikin mata ne suka ɗauke shi a bakin turmi, inda suke saka sunan wanda ya tafi cikin waƙar daka. Ita wannan ba kasafai ake rubuta ta ba, ga injin niƙa kuma ya shiga kusan kowane ƙauye.