Racine da Malamansa

Mu da muke koyar da adabi mun saba da wata tambaya da ɗalibai kan yi mana a fakaice: shin mai tsoron Allah zai iya rubuta wasan kwaikwayo a kan son zuciya, ya kuma tsira da mutuncinsa? Duk sa'ad da wannan zance ya taso, mukan jawo rayuwar Jean Racine, marubucin wasannin ban tausayi na ƙasar Faransa.

An haife shi a 1639 a garin La Ferté-Milon. Kafin ya cika shekara 4 ya rasa uwa da uba. Ta hannun kakarsa ya shiga makarantar Port-Royal, ta waɗansu Kiristoci masu tsananin gudun duniya, waɗanda suke ganin ɗan Adam ba ya iya rinjayar zuciyarsa sai da falalar Ubangiji. Su suka koya masa Girkanci, har ya karanta wasannin Euripides cikin harshensu na asali. Su ne kuma suka la'anci sana'ar wasa. Da ɗayansu, Pierre Nicole, ya kwatanta marubutan wasa da masu shayar da rayuka guba, sai Racine ya mayar da martani mai zafi a 1666, ya raba gari da waɗanda suka rene shi.

Malaman sun ɗauka albasa ba ta yi halin ruwa ba. Mu kuwa a ganinmu ta yi. Mu dubi wasansa Phèdre na 1677. Matar sarki ce ta kamu da son ɗan mijinta, Hippolyte. Ta san haramun ne, ta tsani kanta, ta nemi mutuwa, amma ta kasa raba ranta da shi. Da tsoron tonon asiri ya kama ta, sai ta bari baiwar da ta rene ta ta yi wa yaron ƙazafi. Uba ya tsine wa ɗansa, ɗan ya halaka, ita kuma ta sha guba ta faɗi gaskiya kafin ta cika. Ina kwaɗaitarwa ga ɓarna a nan? Karatun Port-Royal ne ya fito fili, aka ba shi fuska da murya.

A shekarar nan Racine ya yi aure, ya zama marubucin tarihin Sarki Louis na 14, ya shirya da malamansa, ya ajiye alƙalamin wasa har shekara 12. Da ya dawo, daga Littafi Mai Tsarki ya ɗauko Esther a 1689 da Athalie a 1691, domin 'yan matan makarantar Saint-Cyr. Ya rasu a 1699, aka binne shi a Port-Royal bisa wasiyyarsa.

Abin da ke ci mana rai shi ne shekarun nan 12. Ko mene ne ya sa shi yin shiru, matsayi a fada ko nadama, wasannin da bai rubuta ba sun tafi ke nan. Don haka idan rubutun ɗalibi ya firgita mu, wajibi ne mu karanta shi har ƙarshe kafin mu yanke hukunci, domin mai yiwuwa darasinmu ne yake maimaitawa da harshen da ba mu saba ji ba.