Wane ne Dodo a Cikin Labarin?

Tun ina ƙarama nake son labarai masu ban tsoro, kuma har yanzu da nake nazarin Hausa ban daina ba. Abin da ya canza shi ne irin tambayar da nake yi wa littafi: wa marubuci ya ɗora wa rigar dodo, kuma don me?

A Amurka, an daɗe ana ɗora wa mutanen da ake kira masu sauya jinsi wannan riga. A fim ɗin Psycho na 1960, mai kisan kai yakan sa tufafin mahaifiyarsa. A littafin The Silence of the Lambs na Thomas Harris, wanda ya fito a 1988, mugun yana kashe mata domin ya ɗinka wa kansa riga da fatarsu. Labarin da kansa ya faɗi cewa mutumin ba mai sauya jinsi ba ne, amma abin da ya zauna a zuciyar mai karatu shi ne a ji tsoron duk namijin da ya yi shigar mata.

Littattafan matasa na baya-bayan nan sun bi wata hanyar daban. A Cemetery Boys na Aiden Thomas, na 2020, Yadriel yaro ne a Los Angeles wanda aka haifa aka raɗa masa sunan mace. A danginsu maza ke sallamar fatalwa, mata kuma su yi magani. Da mahaifinsa ya hana shi aikin maza, sai ya kira fatalwa da kansa don ya nuna ya isa. Wanda ke zubar da jini a labarin baffansa ne.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Pet na Akwaeke Emezi daga Aba, wanda ya fito a 2019. Jam yarinya ce mai sauya jinsi a garin Lucille, inda manya suka rantse cewa an gama da dodanni. Wata halitta mai ƙaho da farata ta fito daga zanen mahaifiyarta, ta ce akwai dodo a gidan abokinta Redemption. Ashe kawunsa ne, mutumin da gari ke girmamawa, yake cutar da ƙaramin yaro. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. A nan tsoron a cikin gida yake, manya kuwa suka ƙi gani.

A matsayina na ɗalibar harshe, na ga wani abu da na ba abokan karatuna labarin Jam da Hausa. A Ibo, harshen da na tashi da shi, wakilin suna ɗaya ne ga mace da namiji. Hausa kuwa ba ta barin mutum ya zille. Dole in ce "ta tafi" ko "ya tafi", in ce mata "ke" ko "kai". Sunayen da muke da su ma ba su dace ba, domin ɗan daudu daban, mata-maza daban. Na zaɓi "ita", saboda haka marubucin littafin ya kira ta, kuma aikin mai fassara riƙon amana ne.

Na san da yawa daga cikinmu ba za su yarda da ra'ayin waɗannan marubuta game da jinsi ba, kuma kowa da abin da addininsa da al'adarsa suka koya masa. Duk da haka, ina ganin ya kamata ɗalibin adabi ya lura da wanda labari ke koya masa ya ji tsoro. Yaron da aka koya wa gudun baƙon fuska kaɗai ba zai gane haɗarin da ke cin tuwo tare da shi ba. Mugu dai ba shi da kama.