Wa Ya Yanka Wa Na'ura Lokacin Jira?

Ka taɓa lura da mai POS a Kongolam idan ya zura kati? Ba ya kallon mai kuɗin. Allon na'urar yake kallo. Wani lokacin ya ɗaga ta sama, ya juya ta wajen Daura. 'Yar da'ira tana ta kewayawa a allo, can sai ta tsaya cik. Alat ya riga ya shigo wayar mai kati cewa an cire masa kuɗi. Takardar da ta fito kuwa ta ce ciniki bai yiwu ba.

Kowa sai ya ce sabis ne. Sabis ne ɗin, amma da sauran magana. Cikin na'urar akwai layin waya da ɗan ƙaramin modem. Aikinsa ya kai saƙo banki, ya tsaya jiran amsa. Jiran nan yana da iyaka. Wani ne ya zauna a ofis ya rubuta masa adadin sakan ɗin da zai jira, ya ce in sun cika ya katse. Lamba ɗaya ce tak a wani gurbi cikin manhaja.

Lambar nan ta girmi salula, wadda ta fara bazuwa a Najeriya a 2001. Tun zamanin wayar girke ake fama da ita. A lokacin kwamfutoci ta layin tarho suke magana da juna. Ma'aikaci kan haɗa modem a ofis don ya riƙa aiki daga gida, ya manta da shi, shi ke nan an bar wa ɓarawo hanya. Masu kutse suka ƙirƙiro manhajar da ke kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya, tana sauraron inda za ta ji ƙugin modem. Fim ɗin WarGames da aka yi a Amurka a 1983 ya nuna dabarar ga duniya. Manhajar ToneLoc ta biyo baya a farkon shekarun 1990. Daga bisani masu tsaron kamfanoni suka ari dabarar don binciken layukansu, har kamfanin Sandstorm ya fitar da tasa manhajar, PhoneSweep, a 1998.

Kafin irin wannan manhaja ta buga kira ko ɗaya, sai an amsa mata tambaya biyu. Wane lokaci za ta kira? Har yaushe za ta jira?

Ta farkon ma ba wasa ba ce. In an kira da rana, ma'aikata za su yi ta ɗaga waya suna jin shiru. In an kira da dare, wasu na'urorin an kashe su an tafi gida. Shi ya sa mai bincike kan raba aikin, wasu layukan dare, wasu rana, ya kuma ware sa'o'in da ba a kira ko kaɗan. Ta biyun lissafi ce. Ɗauki lambobi 10,000 a kan layi ɗaya. In kowace za a jira ta sakan 30, aikin ya ci awa 83. In aka mai da shi sakan 60, ya kusa mako guda. Sai mutum ya ji kamar ya rage. Amma in ya rage da yawa, modem ɗin da ba ya ɗauka sai waya ta daɗe tana ƙara zai kuɓuce. Rahoto ya fito ya ce ba kowa a layin, alhali abin da ake nema yana can a kunne.

Mu ma haka muke yi a ƙofar gida. Ba a sallama da tsakar dare, kuma in an yi sau uku ba amsa sai a juya. Sai dai mai sallama yana duba gidan. In zaure da nisa daga cikin gida, ko mai gidan dattijo ne, yakan ɗan saurara kafin ya sake. Na'ura ba ta san dattijo ba. Abin da aka rubuta mata take ƙirgawa.

To Kongolam bakin boda ce, a ƙaramar hukumar Mai'adua, kan hanyar Damagaram. Agogonmu ɗaya da na Nijar, amma waya kan yi ta tsalle tsakanin sabis ɗin nan da na can. Ranar kasuwar Mai'adua kuwa jama'a kan yi wa ƙarfen sabis yawa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai sayar da rago ya koyi karɓar tiransifa. Dubi dattijon da ke tura kuɗi da ƙaramar waya. Lambar asusu mai alƙaluma 10 tana rubuce a bayan kwalin magani. Ya duba kwali, ya danna biyu, ya sake dubawa. Kafin ya kai ta takwas an katse shi. Ya koma farko, yana ganin laifin idonsa ne.

Ba laifin idonsa ba ne. An auna jiran ne da yatsun matasan birni da sabis ɗin birni. Masu yanka waɗannan lambobi a bankuna da kamfanonin waya, don Allah ku zo ku gwada su a nan ranar kasuwa, da hantsi, lokacin da ciniki ya kankama.

Kai kuma maƙwabci, in takarda ta fito ta ce bai yiwu ba, kada ka yi saurin sake miƙa kati. Duba wayarka tukuna, ka ninke takardar ka sa a aljihu. Da ita za ka je banki.